Kunamar ruwa a tankin falo: faɗin ƙasa ake aunawa kafin a sayo ta

"Assalamu alaikum Malam. Ina da tankin gilashi a falo, tsawonsa santimita 120, faɗi 45, tsayi 45, kusan shekara 2 ke nan ina kiwon kifin ado a ciki. Wani mai shigo da kifi ya turo mini hoton wani kifi mai kama da faifai, ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, ya ce sunansa motoro, bai fi tafin hannu ba, kuma wai ba ya girma sosai in tankin ƙarami ne. Shin tankina zai ɗauke shi? In ba zai ɗauka ba, wane girma ake bukata? A Kaduna nake, gidan haya, saman bene."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka da kyau, abu biyu kake son sani: ko tankin da ke falonka zai ɗauki wannan kifi, da kuma girman da ya dace in bai ɗauka ba. Akwai magana ta uku da ka saka a tsakiya ba ka ɗauke ta tambaya ba, wato cewar da mai sayarwa ya yi wai kifin ba ya girma a ƙaramin tanki, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Tankinka zai ɗauke shi kamar yadda zanin goyo ke ɗaukar yaro, na 'yan watanni. Bayan nan, ko dai ka riga ka tanadi babban wuri, ko ka zauna kana kallon dabba tana lalacewa a gabanka.

Wace ce ita

Kunamar ruwa muke ce mata, sunan da masuntan Binuwai suka san danginta da shi saboda ƙarin da ke bisa wutsiyarta. Ba ta da ƙashi irin na tarwada ko karfasa, guringuntsi ne jikinta, don 'yar'uwar kifin shak ce. Wadda aka turo maka hotonta, Potamotrygon motoro, daga kogunan Kudancin Amurka take: Amazon, Orinoko, Parana da Paraguwai. Asalin kakanninta na teku ne, amma sun daɗe a ruwan daɗi har jikinsu ya bar dabarar zama cikin gishiri. 'Yan'uwanta na teku suna tara yuriya, sinadarin nan na fitsari, a jini don su daidaita da ruwan gishiri, ita kuwa ba ta tarawa, amoniya, ƙazanta mai guba, take fitarwa kai tsaye cikin ruwan da take kwance. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba ta yin ƙwai a waje, haihuwa take yi, bayan ciki na kamar wata 3. Ɗan yana fitowa faɗin faifansa kusan santimita 10, wato tafin hannun nan da aka nuna maka. Jariri aka nuna maka. A hannuna, motoro mai cin abinci da kyau takan kai santimita 25 zuwa 30 cikin shekara guda, ta ci gaba a hankali har faifan ya kai 45 ko 50, mace ta ɗara namiji. In ka haɗa da wutsiya, doguwar cikinsu tana kusantar mita 1. Kuma in an kula da ita tana iya yin shekara 15 ko fiye, ka ga yaron da aka haifa maka bana zai shiga babbar sakandare tana nan.

Maganar cewa tanki yana ƙayyade girman kifi, rabin gaskiya ce da ta fi ƙarya cutarwa. E, kifin da aka matse yakan tsumbure. Amma gilashi ba shi da bakin da zai gaya wa jiki ya tsaya. Abin da ke tsumburar da shi ruwa ne da ya cika da ƙazanta, da firgici, da rashin motsi, kuma kunama ba ta jure wannan har ta tsufa a tsumbure, mutuwa take yi tukuna. Haka nan in ka ji an ce akwai iri ƙarama da ake kira "ta kofin shayi", sunan kasuwa ne da ake liƙa wa jarirai, yawanci na Potamotrygon orbignyi, wadda ita ma faifanta ke wuce santimita 30. Mafi ƙanƙanta a dangin, Potamotrygon wallacei ta kogin Negro a Barazil, wajen 30 take tsayawa, sai dai ta saba da baƙin ruwa mai tsami da laushi wanda da wuya ka haɗa irinsa a gida. A ɗaya gefen kuma akwai Potamotrygon brachyura ta Parana mai faifan mita 1 da rabi da nauyin sama da kilo 200. Shi ya sa nake cewa kada ka sayi kunamar da mai sayarwa bai iya faɗa maka cikakken sunanta ba.

Ƙasa, ba lita ba

Yawancin masu tambayata da lita suke zuwa, lita nawa ake bukata. Lita tana da muhimmanci wajen ruwa, amma ba ita ce ma'aunin farko ba. Kunama rayuwarta a ƙasa take: nan take kwanciya, nan take binne kanta cikin yashi sai idanu a waje, nan take lalube abinci. Kuma faifanta ba ya tanƙwaruwa kamar jikin tarwada da za ta naɗe ta juya a lungu. In za ta juya, dukan faifan ne ke kewayawa, wutsiya na biye tana share gefe. Don haka abin da za ka fara aunawa shi ne daga gilashin gaba zuwa na baya.

Naka 45 ne. Ranar da faifanta ya kai 30, saura santimita 15 ke nan a raba gefe biyu, wutsiya kuwa ba ta da wurin zuwa. An taɓa kirana in duba wata a gidan wani bawan Allah, tankinsa ya ma ɗan fi naka tsawo amma faɗin ɗaya ne. Na ja kujera na zauna ina kallonta. Duk sanda za ta juya sai ta ɗaga gefen faifanta ta hau gilashi da shi, kamar mai ratsa ƙofa da tire a hannu, sannan ta zamo ta sauka. Kan wutsiyarta ya goge ya yi fari, gefen faifan na dama ya yi ja inda yake gogar gilashi kullum. Maigidan yana ta nuna mini yadda take hawa gilashi wai wasa take yi. Lafiyayyar kunama takan hau gilashi, gaskiya ne, musamman lokacin abinci, amma wannan ba ta da wata hanyar juyawa ce.

Ma'aunin da nake aiki da shi, daga abin da na gani a nawa tankunan da na mutane, shi ne faɗin tanki ya ninka faifan babbar kunama sau 2, tsawo kuma sau 5. Babbar, na ce, ba jaririyar da ke hannunka yau ba. Ga motoro mai faifan 45, wannan ya ba ka faɗin 90 da tsawon 240 in an cike. Tsayi ba ya damunta, 60 ya isa, kuma ƙara tsayi ƙarin kaurin gilashi ne da kuɗi ba tare da ta amfana ba. Tsawo sau faɗi sau tsayi, a raba da 1000, shi ne lita: 240 da 90 da 60 sun ba da lita 1,296. Naka lita 243 ne, bai kai kashi 1 cikin 5 ba. In mace ce ta yi girma sosai, ko kana son biyu, to 300 da 120 nake faɗa, lita 2,160. Za ka ji wasu suna cewa 180 da 60 ya isa. Na ga an yi, kunamar ta rayu, amma faɗin 60 ga faifan 45 ni ban kira shi wurin zama ba. Shi ya sa tankin lita 900 mai faɗi kuma gajere ya fi mata na lita 1,500 dogo siriri.

Cikin tankin ma kada a cinye filin da ado. Yashi mai laushi, kaurin yatsa biyu a kwance, an wanke shi har ruwa ya fita garau, ko kuma a bar ƙasan ba komai. Tsakuwa mai kaifi tana yanka cikinta, wanda fata ce fara mai taushi. Kututture ɗaya a lungu ya isa.

Benen ka

Ka ambaci saman bene da gidan haya a ƙarshen tambaya kamar ƙarin bayani, alhali a nan ne lissafin ya fi tsauri. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ruwa kilo 1,296, gilashin milimita 15 na wannan girman ya haura kilo 200, ga yashi, ga ƙarfen da zai ɗauka, ga tankin tacewa a ƙasa. Ka doshi tan 1 da rabi ko fiye, wato buhun siminti sama da 30 jibge a wurin da bai fi katifa ba, kuma ba na kwana ɗaya ba. Ni mai kifi ne, ba injiniyan gini ba, kuma ban ga gidan ba. Ba zan ce maka kankaren benen zai ɗauka ko ba zai ɗauka ba, wannan sai injiniya ya zo ya duba, maigidan haya kuma ya yarda. Ka kuma tambayi kanka yadda gilashin mita 2 da rabi zai yi kwana a matakalar bene. Yawanci a ɗakin ake haɗa shi, kuma ranar tashi daga gidan sai an farke.

Ruwa da wuta

Mu koma kan amoniya. Dabba ce mai cin nama da yawa, mai fitar da amoniya da yawa, sannan ita kanta ba ta jure amoniyar ko kaɗan. Abin da ke tsakaninta da mutuwa ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune cikin matatar ruwa, suna mayar da amoniya naitirait, naitirait kuma naitiret, wanda ya fi sauƙin guba. Kafin waɗannan ƙwayoyin su kafu a sabon tanki ana ɗaukar mako 4 zuwa 6, kuma kunama ba ta shiga sai ka gwada ka ga amoniya da naitirait duka sifili. In ba ka da kayan gwajin ruwa, na ɗigawa ba na takarda ba, su za ka fara saye kafin kifi.

Naitiret kuma ba ya fita sai da canjin ruwa. Ni kashi 30 cikin 100 nake zubarwa duk mako, wani lokaci sau biyu. A tankin 1,296 wannan lita 390 ne, jarka 16 ta 'yan ga-ruwa, duk mako, a hau da ita bene. Ruwan famfo yana da kulorin, sai an kashe shi da maganinsa. Ruwan bohol yana fitowa ba iska a cikinsa, sai ya kwana ana busa masa. Ruwan rijiyar cikin gari kuwa sau da yawa da nasa naitiret yake zuwa saboda kusanci da shadda, ka gwada shi tukuna. Ma'aunin tsami tsakanin 6.5 da 7.5 ya yi wa motoro, kuma tsayawarsa wuri ɗaya ya fi lambar muhimmanci. Kada ka zuba gishiri kamar yadda masu tarwada ke yi, kuma duk maganin kifi mai jan ƙarfe a cikinsa ka nisanta shi da ita.

Ɗumi tsakanin digiri 26 da 28. Da hunturu a Kaduna dole hita, kuma hitar a tankin tacewa ake saka ta ko a sa mata kariya, don kunama takan kwanta a kanta ta ƙone ba ta matsa ba. Da bazara matsalar ta juya, ruwa ya yi zafi, ruwan zafi kuma ba ya riƙe iska, ita kuma lokacin ne ta fi bukatarta.

Wanda ya kai ni ga wuta. Kunamar da na fi so cikin duk waɗanda na riƙe, mace, shekara 3 a hannuna, wuta ce ta yi sanadinta, ko in ce sakacina. Na yi tafiyar kwana ɗaya, aka ɗauke wuta tun magariba, yaron da na bar wa gida bai tayar da janareta ba. Da asuba wuta ta dawo, rufaffiyar matatar ruwa da ta kwana ba iska ta tashi da kanta, ta kwaso ruɓaɓɓen ruwan da ke cikinta ta watsa cikin tanki. Da na iso da hantsi ɗakin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kunamar tana kwance, ramukan numfashin da ke bayan idanunta suna buɗewa da rufewa da sauri, gefen faifanta ya naɗe sama kamar ganyen da rana ta buga. Masu wannan harka sun san wannan naɗewar, da wuya kunama ta dawo daga gare ta. Na canja rabin ruwa, ba ta kai la'asar ba. Tun daga ranar, famfon ruwa da injin iska suna kan batir da sola, layinsu dabam da na gida, kuma na bar rufaffiyar matatar ruwa na koma buɗaɗɗen tankin tacewa. In ba za ka iya ba su wuta awa 24 ba, maganar girman tanki ma ba ta taso ba.

Abinci bai da wahala a nan. Tana, wato tsutsar ƙasa, ita ce kan gaba, musamman ga sabuwar zuwa da ta ƙi ci, amma daga ƙasar da ba a yi wa feshi ba. Sai yankan karfasa, ɗanyen jatan lande jifa-jifa, da abincin kifi mai nitsewa in ta saba. Ban da naman shanu da kaza. Jaririya sau 2 ko 3 a rana. In ka ga ƙasusuwa biyu sun taso a gindin wutsiya, ko goshi ya lotsa tsakanin idanu, yunwa ce. Kifayen adon da ke tankinka yanzu, duk wanda zai shiga bakinta abinci ne, za ta rufe shi da faifai da dare. Kifin nan mai tsotsar gilashi kuma yakan koma tsotsar bayanta ya yi mata ciwo, talibamban yana cizo, kurungu yana da ƙaya.

Ƙarin

Ba ta kai hari haka kawai, sai an taka ta ko an matse ta. Amma in ta harba, ƙarin yana da haƙora a gefe kamar zarto, da dafi a fatar da ta lulluɓe shi, kuma dafin na ruwan daɗi an san shi da ruɓar da nama a wurin, ciwo ya yi makonni bai warke ba. Taimakon farko shi ne a tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, wajen digiri 45, na rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, sannan asibiti ko da raɗaɗin ya lafa, don guntun ƙari yana iya karyewa a ciki, ga kuma allurar tetanus. Sauran na likita ne. Tana zubar da ƙarin ta sake sabo lokaci-lokaci, sai ka tsinci tsohon cikin yashi da kaifinsa, don haka ba a cusa hannu cikin yashin tankin kunama. Yanke shi ba ya magani, zai sake fitowa. In da yara a gidan, murfi mai kwaɗo.

Me ya rage maka

A gidan da kake yanzu, shawarata ka haƙura da ita. Hanyar da mutane suka fi bi, a sayo jaririya yau da niyyar gina babban tanki baɗi, ita ce na fi ganin ta ƙare da gawa, don kifin ba ya jiran albashi. In ka samu gidan ƙasa, abin da ya fi araha a wurinmu ba gilashi ba ne, tankin bulo da siminti ne irin na masu tarwada, mita 3 da mita 1 da rabi, zurfin santimita 60 ko 70, a bar taga a gaba a sa gilashi mai kauri. Sai dai ɗanyen siminti yana sakin farar ƙasa cikin ruwa, kuma kaushinsa yana goge cikinta, don haka sai an shafe shi da fentin tafki marar guba ko an shimfiɗa ledar tafki. A inuwa, da rufi. Ko babu taga ma kallonta daga sama ya fi kyau, tun da adon a bayanta yake.

Wajen saye, ka nemi wadda aka haifa a gona, yawanci daga Asiya ko Turai, ta fi wadda aka kamo daga kogi jure ruwanmu da karɓar abinci. Baƙar nan mai fararen ɗigo da kowa ke sha'awa, Potamotrygon leopoldi, a kogin Shingu na Barazil kaɗai take, inda aka gina madatsar Belo Monte, kuma a taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, da aka yi a Panama a 2022 an saka ta tare da wallacei da wasu masu kama da su cikin jerin da ba a ketare iyaka da su sai da takardar izini. Ka tambayi takarda. In kuma wata rana ta fi ƙarfinka, kada ka kai ta kogin Kaduna ko wani dam. A Singafo an samu motoro tana hayayyafa a tafkin Seletar, kuma daga tankunan gida ake ganin ta fito.

Wani zai ce to me ya sa ba za a nemo tamu ta gida ba. Akwai ta kuwa, Fontitrygon garouaensis, wadda masana suka bayyana a 1962 daga kogin Binuwai kusa da Garwa, sunan garin ne ma a jikin sunanta. Faifanta wajen santimita 40, tsutsotsin ƙwarin ruwa take ci, kuma ta yi ƙaranci har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ta cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Ba zan taya kowa neman ta don falo ba.

Kafin ka ba mai sayarwa amsa, ka ɗauki alli ko tef ka zana 240 da 90 a ƙasan falonka, ka yanko kwali da'ira mai faɗin 45, ka ɗaura masa igiya santimita 40 a matsayin wutsiya, ka juya shi cikin zanen, sannan ka gwada juya shi a ƙasan tankinka na yanzu. In bayan haka, da maganar injiniya da ta wuta, har yanzu kana so, ka ce ya turo maka bidiyonta tana cin abinci, ba hoto ba, a ga bayanta da gindin wutsiya da gefen faifan shimfiɗe a ƙasa. Ranar da ta iso kuma kada ka kama ta da koma, ƙarin yana sarƙewa a ciki. Robar wanka ake nitsarwa a kora ta ciki a hankali, a ɗaga da ruwanta.